Zanen tsuntsu: Sinawa ne suka koya wa Turawa, ko kowa da hanyarsa ya bi?

Mai_Burushi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Ni malamin zane ne a sakandare, ina tattara hotunan da zan nuna wa ɗalibai sai na ci karo da aikin wani Basine mai suna Huang Quan, wanda ya rasu a 965. Ƙyallen siliki ne guda ɗaya, ya zana halittu 24 a kansa: tsuntsaye, ƙwari da kunkuru biyu. Babu bishiya, babu sama, babu ƙasa. Kowace halitta tana zaune ita kaɗai a fili, kuma in ka matso da hoton kana iya ƙirga gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. A gefe ya rubuta cewa ɗansa ya yi wa don ya riƙa koyo. Na ajiye shi kusa da shafukan littattafan ilimin halittu na Turawa na ƙarni na 18 da na 19, wallahi tsarin kamar an tsaga kara. Tsakaninsu kuwa shekara ɗari takwas. Ni dai abin da na gani shi ne a wurin Sinawa Turawa suka ɗauko wannan salon, suka sa masa suna kimiyya. Wanda ya san akasin haka ya warware mini.

Ɗan_Haɗeja:
Wa alaikumus salam Malam. Kama da wane ba ta wane. Mutum biyu in suka zauna gaban tsuntsu ɗaya suka ƙura masa ido da gaskiya, dole aikinsu ya yi kama ko da ba su taɓa jin labarin juna ba. Ka nemi zanen da Albrecht Dürer na Jamus ya yi a 1512, fiffike ɗaya tal na wani tsuntsu ɗan'uwan tsanwakarmu. Shuɗin da koren suna nan yadda Allah Ya jera su. Jirgin Turawan Fotugal na farko bai isa gaɓar Sin ba sai 1513. Kafin Dürer ma akwai littafin farauta da shaho na Sarki Frederick na Biyu, na wajajen 1240, cike da tsuntsayen da aka zana daga kallo. Shi kuwa zanen Huang Quan a taskokin manya yake ɓoye duk tsawon lokacin nan, yanzu yana gidan tarihin fadar Beijing. Ta ina Bature zai gan shi har ya kwafa?

Sadauki77:
Ɗan_Haɗeja ya gama magana. Ba komai ne sata ba.

Baƙon_Guangzhou:
Ku dakata tukuna. Shekarata shida ina zuwa Guangzhou saro kaya, kuma akwai lokacin da kwantenata ta makale na yi kusan wata biyu ba aikin fari ba na baƙi. Sai na shiga ajin wata dattijuwa mai koyar da irin wannan zane. Suna kiransa gongbi, wato aikin burushi na tsanaki. Ga yadda na ga ana yi. Da farko a shafe silikin da ruwan alam da gam don kada tawada ta bazu. Sai a ja layin jikin tsuntsun da baƙar tawada, siriri kamar gashin kai. Wajen sa launi kuma burushi biyu take riƙewa a hannu ɗaya, ɗaya da launi ɗaya da ruwa zalla. Ta ɗiga launin a gindin gashi, nan take ta juya yatsu ta ja shi da na ruwan har ya dusashe a baki. A bari ya bushe, a sake. Ƙirjin ɗan tsuntsu guda sai da ta bi shi fiye da sau goma. Wani launin ma ta bayan ƙyallen take shafa shi, ya riƙa haskowa ta gaba.

Ita ce ta ba mu labarin Sarki Huizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1126. Wai ɗawisu ya zo gindin wata bishiya a fada, sarki ya kira masu zanensa su zana shi. Kowa ya zuba gwaninta, sarki ya duba ya ce ba daidai ba. Suka rasa inda kuskuren yake. Bayan kwanaki ya ce musu ɗawisu in zai hau tudu ƙafar hagu yake fara ɗagawa, su kuwa duk ta dama suka ɗaga. An ce shi da kansa in ya zo kan idon tsuntsu, ɗanyen ƙaron itacen fenti yake ɗigawa, ƙwayar idon ta ɗan taso daga ƙyallen tana ƙyalli kamar mai rai.

Mai_Burushi:
To kun ji! Mutumin da ya san ƙafar da ɗawisu ke fara ɗagawa, in ba masanin halitta ba ne, mene ne shi? Kuma na duba, kundin zane-zanen fadarsa na 1120 ya lissafa zane 6,396, a ciki 2,786 na furanni da tsuntsaye ne. Kusan rabi ke nan.

Ɗan_Haɗeja:
Malam, ban musa cewa sun iya kallo ba. Sun iya ƙwarai. Akwai wani aku mai launi biyar da aka jingina wa Huizong, yana gidan tarihi na Boston, masana tsuntsaye na yau suna iya faɗin jinsinsa, suna cewa na tsibirin Sulawesi ne. Amma abin da mai zanen fada ke nema daban, abin da mu masu ƙirgar tsuntsaye ke nema daban. In na fita fadama da asuba, abin da nake so daga zane shi ne ya raba mini wannan jinsin da mai kama da shi: ga namiji ga mace, ga ɗan shila, ga tsawon baki, ga launin ƙafa. Mai zanen Sin kuwa sau da yawa saƙo yake aikawa. Agwagin nan biyu masu ado na nufin zaman aure lafiya. Tsuntsun nan mai doguwar ƙafa da jan kai na nufin tsawon rai. Wani mai kama da hankaka na nufin albishir. Shi ya sa za ka ga an haɗa tsuntsu da furen da ma'anarsu ta dace, don a kai wa amarya ko dattijo.

Abin da zan ba su kai tsaye shi ne rai. Tsuntsunsu yana motsi. Ka dubi zanen Cui Bai na 1061, tsuntsaye biyu suna yi wa zomo tsawa, shi kuma ya waiwayo ya ɗaga ƙafa ɗaya, iska na kaɗa ciyawa. Turawan farko kuwa yawanci busasshiyar fata ake kawo musu daga nesa a cikin akwati, su cusa mata ciyawa su zana. Har abin ya kai su ga kuskure babba: fatun tsuntsayen aljanna da ake kawowa daga wajajen tsibirin New Guinea mafarauta sun riga sun yanke musu ƙafafu, sai aka daɗe a Turai ana cewa ba su da ƙafa, ba sa sauka ƙasa. Sunan da Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden da ya tsara sunayen kimiyya, ya ba ɗaya daga cikinsu a 1758 ma'anarsa marar ƙafa, kuma sunan yana nan har yau.

Ummu_Hanan:
Don Allah tsuntsun tsawon ran nan, gauraka ce?

Ɗan_Haɗeja:
Danginta ne Hajiya, amma ba ita ba ce. Tasu fara ce sol mai baƙin wuya da jan tabo a tsakar ka, ba ta da tukkun nan mai ruwan zinariya irin na gaurakarmu. Huizong yana da wani zane na shekarar 1112 mai irin tsuntsun guda 20, 18 suna shawagi, biyu na tsaye a kan rufin ƙofar fada.

Malama_Tarihi:
Na bi maganar tun daga sama. Malam Mai_Burushi, ina ganin kana da gaskiya a wani wuri, sai dai ba a ƙarnin da kake nema take ba. Haɗuwar ta faru, kuma a garin da Baƙon_Guangzhou ke saro kaya ta faru, wanda Turawa ke kira Kanton.

Daga 1757 gwamnatin daular Qing ta Sin ta taƙaita cinikin Turawa na teku a wannan tashar kaɗai. An ba su ɗan zirin wuri a bakin kogi, ba su da izinin shiga cikin ƙasa. To Baturen da ke son sanin tsirrai da tsuntsayen Sin yaya zai yi? Sai ya dogara da kasuwa, da masu lambu, da masunta, da masu zanen gari. Tun wajajen 1770 wani matashin ma'aikacin Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, John Bradby Blake, ya ɗauki wani mai zane, Mak Sau, yana zana masa tsirrai. Amma babban misali shi ne John Reeves, mai duba ingancin ganyen shayi na kamfanin, wanda ya zauna tsakanin Kanton da Makawo daga 1812 zuwa 1831. Ya sa masu zanen gari suka yi masa zanen tsirrai, kifaye, tsuntsaye da dabbobi, yana aikawa Landan. Gidan tarihin halittu na Landan kaɗai yana da sama da 2,000.

Abin da ke burge ni a waɗannan takardu shi ne kana ganin hannu biyu a shafi ɗaya. Takardar sau da yawa ta Ingila ce, akwai tambarin masana'antar Whatman a jikinta. Umarnin ma na Bature ne: jinsi ɗaya a shafi, fili fari, a zana abin da ke gaba ba ƙari ba ragi, a ware fure a nuna cikinsa, a ƙirga ƙayoyin fiffiken kifi. Amma jan layin, da yadda ake ɗora launi a hankali har ɓawon kifi ya yi sheƙi, wannan gadon gidan Huang Quan ne. Aikin ya yi ingancin da John Richardson, a rahotonsa na 1846 kan kifayen tekun Sin da Japan, ya raɗa wa jinsuna gomomi suna alhali zanen kawai ya gani, bai taɓa riƙe kifin ba.

Haka aka yi a Malaka, inda William Farquhar ya sa masu zane Sinawa suka yi masa zane 477, suna Singafo yanzu. A nan ma in ka lura da duwatsu da rassan da tsuntsayen ke tsaye a kai, salon gida ne tsaf.

Sadauki77:
To su masu zanen, su wa ye?

Malama_Tarihi:
Nan ne abin ke da ciwo. A littafin ajiyar Reeves an sami sunaye huɗu: Akut, Akam, Akew da Asung. Sunayen kira ne kawai, yadda kunnen Bature ya ji su. Na Farquhar kuwa ko wannan ba su samu ba. Shi Reeves akwai tsuntsu mai sunansa, wani dangin kaza mai jelar da kan wuce mita biyu, wadda 'yan wasan kwaikwayon Sin ke soka gashinta a hula tun kafin a haifi kakansa. Akwai kuma wata 'yar barewa mai sunansa.

Bazamfara:
Wannan shi na ka ba ni haushi wallahi. Wani ya yi aiki, wani ya kwashe suna. Mu ma nan haka anka yi muna. Shamuwa da kowane yaro ya sani, wadda in ta iso manomi ya san damina ta kusa, a littafin kimiyya sunan wani gwamnan Turkawa na Sudan ta ka ɗauke da shi, Abdim. Mafarautan da sunka nuna ma baƙi inda tsuntsaye ka kwana fa, wa ya rubuta su?

Ɗan_Haɗeja:
Gaskiya ne Bazamfara, kuma yau ma ana muhawara a kan irin sunayen nan a tsakanin masana. Sai dai don adalci, Reeves ba zaune kawai ya yi ba. Shi ke neman samfurin, shi ke tsayawa a kan aikin, kuma shi ya kai wancan tsuntsun Turai da ransa a 1831. Laifin da nake gani na tsarin ne gaba ɗaya, wanda ya ɗauki mai zane kamar lebura.

Bazamfara:
Tsarin ai mutane na ka yin shi.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Kun tsaya a bakin teku, ku zo mu shiga fada, don can ruwan ta ɗaya gefen ya gangaro. A 1715 wani mai zane ɗan Italiya daga Milan, Giuseppe Castiglione, ɗan ƙungiyar Jesuit ta 'yan mishan Katolika, ya iso Beijing. Ya zauna har rasuwarsa a 1766, ya yi wa sarakuna uku aiki, suka sa masa suna Lang Shining. Ya zo da ilimin haske da inuwa na Turai, wanda ke sa abu ya taso kamar a taɓa. Amma fada ba ta son inuwa mai duhu, musamman a fuska, sai ya rage ta, ya koma siliki da launukan Sin. Ku nemi fararen shahunan da ya zana, za ku ga ƙirjin tsuntsun a cike yake kamar ƙwai, reshen da yake kai kuwa na gargajiya ne.

Ba kowa ya yaba ba. Zou Yigui, babban mai zanen furanni na fadar, ya rubuta cewa Turawa sun ƙware a awo da inuwa, har in suka zana gini a bango sai ka ji kamar ka shiga, amma ba su da sarrafa burushi, don haka masu sana'a ne kawai a wurinsa. Kun ga kowane ɓangare yana yi wa ɗayan kallon lebura.

Sai babban aikin da nake so Malam Mai_Burushi ya duba. Sarki Qianlong ya sa Yu Sheng da Zhang Weibang suka sake zana kundin tsuntsaye na Jiang Tingxi, daga 1750 zuwa 1761. Juzu'i 12, zane 360, kowane da bayaninsa a shafin da ke fuskantarsa cikin Sinanci da harshen Manchu na gidan sarautar: kamanni, hali, wurin zama. Juzu'i huɗu suna Taipei, takwas suna Beijing. A cikin shekarun nan ne Linnaeus ya fitar da bugun littafinsa na 1758 da ake fara lissafin sunayen dabbobi daga kansa. Ƙasa biyu, lokaci ɗaya, kowa na ƙoƙarin tattara halittu a littafi.

Ɗan_Haɗeja:
Na san kundin, yana da kyau matuƙa. Amma da me ya fara? Da fenghuang, tsuntsun almara da ba wanda ya taɓa gani. Wannan kaɗai ya nuna maka tsarin martaba ake bi, sarkin tsuntsaye a gaba.

Malama_Tarihi:
Fenghuang ɗin ai har littafin Turawa ya shiga. Michał Boym, ɗan Poland, ya sa shi a littafinsa kan tsirran Sin da aka buga a Vienna a 1656, a tsakanin halittu na gaske. Kuma tsofaffin littattafan dabbobi na Turai cike suke da dodannin ruwa. Kowa ya ɗauki lokaci kafin ya tace.

Ƙari a kan maganar Ɗan_Damagaram: a kundin dabbobi da fadar ta yi tare da na tsuntsayen, karkandar da ke ciki asalinta zanen Dürer ne na 1515, ta biyo ta littafin da Ferdinand Verbiest, wani ɗan Jesuit da ya zauna a Beijing, ya yi a 1674. Shi kuwa Dürer bai taɓa ganin karkanda da idonsa ba. To a nan wa ya kwafi wa?

Yar_Leeds:
Ku bari in kawo abin da na gani da idona. A nan Leeds akwai tsohon gidan masu sarauta, Temple Newsam, an mai da shi gidan tarihi. Na kai yarana lokacin hutu. Akwai ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da takardar ado ta Sin, zanen hannu, itatuwa da furanni da tsuntsaye daga ƙasa har sama. Yarima mai jiran gadon Ingila ne ya ba uwargidan gidan, Lady Hertford, kyauta. Da ta zo liƙa ta a wajajen 1827 sai ta ga tsuntsayen sun yi mata kaɗan. Sai ta ɗauko shafukan farko na babban littafin Audubon na tsuntsayen Amurka, ta sa almakashi ta yanko tsuntsayen ta manna a rassan Sinawan. Littafin nan fa kwafinsa guda an sayar da shi sama da fam miliyan 7 a Landan a 2010.

Na daɗe tsaye ina neman waɗanda aka manna. Sai ka matso sosai kake ganin bakin yankan. Ɗiyata ce ta fara gano ɗaya, ta ce wannan ya fi sauran faɗa a fuska. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda suka zauna da juna lafiya a bango ɗaya. Irin takardun nan sun cika gidajen attajiran Ingila tun ƙarni na 18. Yaron da ya tashi a irin ɗakin nan, ya buɗe ido kullum yana ganin tsuntsu a kan reshe mai fure, ba za a ce bai ɗauki komai ba.

Mai_Burushi:
Allah Ya saka da alheri Hajiya. Wannan ita ce hanyar da nake nema! Ba sai sun ga Huang Quan ba. Tangaran, mafici, takardar bango, duk sun shiga gidajensu.

Malama_Tarihi:
Akwai shaida ɗaya da za ta yi maka daɗi. Joseph Banks, wanda ya yi tafiyar teku da Kyaftin Cook, ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa wasu tsirrai, irin su gora, an fi zana su daidai a takardar bangon Sin fiye da a littattafan manyan masana tsirrai da ya gani. Amma ka lura, yabo ne ya yi. Yabo daban, a ce daga nan salon ya fito daban.

Abu_Ammar:
Ina da tambaya, kuma ba don in ɓata hira ba. Mu Musulmi, mene ne matsayin zana abu mai rai? Na ga ana ta yabon masu zane, har ana cewa kamar mai rai.

Mai_Gadin_Zaure:
Tambaya ce mai kyau Malam Abu_Ammar. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan sura sanannu ne, kuma malamai sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin mutum-mutumi da zanen shafi, da abin da ake yi don koyarwa. Wannan zauren na tarihi ne, ba mu ba da fatawa. Kowa ya koma wa malaminsa. Mu ci gaba da ladabi.

Malama_Tarihi:
Ta fuskar tarihi kawai zan ƙara. Salon Sin ya shiga littattafan Musulmi tun kafin ya isa Turai. Bayan Mongol sun ci Bagadaza a 1258 hanya ta buɗe tsakanin Farisa da Sin. Akwai kwafin Manafi'ul Hayawan na Ibn Bakhtishu da aka yi a Maragha dab da 1300, yana New York yanzu, itatuwansa da duwatsunsa da tsuntsayensa da hannun Sin a jikinsu ƙarara. Daga baya a Indiya Sarki Jahangir yana da Ustaz Mansur, wanda ya yi wa laƙabi da Nadirul Asri, shi ya zana talotalon da aka kawo fada a 1612. Sannan a Kalkata, daga 1777, Shaikh Zainuddin na Patna ya zana wa Lady Impey tsuntsaye a takardar Ingila. Shi dai an yi sa'a, sunansa na rubuce a shafukan.

Alaramma_Mai_Allo:
Ni ba masanin zane ba ne, tawada na sani. Na ji Baƙon_Guangzhou ya ce gam. Mu a tsangaya ƙaro muke jiƙawa mu zuba a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi. Su da me suke haɗa tasu?

Baƙon_Guangzhou:
Allah gafarta Malam, tasu da gam ɗin fatar dabba ake yi. Baƙin hayaƙi ake kwaɓawa da shi a busar kamar sanda, in za a yi aiki a goga a kan dutse da ɗan ruwa. Shuɗi da kore kuma duwatsu ne ake niƙawa.

Mai_Burushi:
Amma na Turawan, Alaramma, ƙaronka ne. Fentin ruwa da shi ake haɗa shi har gobe, kuma a wancan zamani daga yankin kogin Senegal da Sudan ake kai musu. Masu shafa launi a littattafan tsuntsaye ma sukan bi ido da gashi mai duhu da ruwan ƙaro don ya yi ƙyalli. Dabarar Huizong ce ta wata hanya.

Alaramma_Mai_Allo:
Ikon Allah. Ashe da namu a ciki.

Sadauki77:
An yi nisa. Malam Mai_Burushi, har yanzu kana kan bakanka cewa kwafa suka yi?

Mai_Burushi:
Na janye kalmar kwafa a kan asali, hujjar Dürer ta kama ni. Amma ban janye duka ba. Ku duba tsofaffin littattafan Turai na wajajen 1555, tsuntsu a tsaye ƙiƙam ta gefe kamar an kafa shi. Ku dawo ƙarni na 18, wurin Mark Catesby, Baturen Ingila mai zanen halittu, sai ga tsuntsu a kan reshe mai fure, reshen ya karkato daga kusurwa. Daidai lokacin da kayan Sin suka cika Turai ke nan. Ni mai zane ne, na san ido ba ya mantuwa da abin da ya saba gani.

Ɗan_Haɗeja:
Catesby yana da dalilinsa na kansa Malam. Yana haɗa tsuntsu da tsiron da yake ci ko yake zama a kai ne, kuma kafin shi Maria Sibylla Merian ta yi haka da ƙwari a littafinta na Suriname na 1705. Lokaci ya zo ɗaya, na yarda. Amma ina son in ga takarda, wasiƙa ko wani rubutu, inda ɗayansu ya ce ga inda na gani.

Ɗan_Damagaram:
Mai zane ba ya rubuta irin wannan a wasiƙa, ɗan'uwa. Kai ma ba ka rubuta wanda ka koyi tafiya a wurinsa ba.

Ɗan_Haɗeja:
Haka ne, shi ya sa nake cewa mai yiwuwa ne, ban ce tabbas ba.

Yar_Leeds:
Ni tambayata ta koma kan su Akut. Zanensu na Landan, jikokinsu in suna nan suna Guangzhou. Baƙon_Guangzhou, mutanen can sun san da su kuwa?

Baƙon_Guangzhou:
Wurin da rumbunan Turawan suke a da yanzu lambun shaƙatawa ne da kasuwar tufafi, sunan titin ma har yau Shisanhang, wato rumbuna goma sha uku. Gidajen tarihin garin suna nuna zane-zanen da aka yi don sayar wa baƙi, har da waɗanda aka yi a kan wata farar takarda mai laushi da ake ferewa daga ɓargon wani itace. Dattijuwar da ta koya mini kuwa ba ta ɗauke su da girma ba, a wurinta aikin kasuwa ne. Ita Huizong da Cui Bai take kira. In na koma bayan Sallah zan nuna mata kifayen Reeves a waya in ji abin da za ta ce.

Ummu_Hanan:
Ni tun da aka yi maganar ɗawisu nake leƙen na maƙwabtanmu ta katanga. Yau da safe ya hau turmi sau uku ina kallo. Biyu da hagu ya fara, ɗaya ban gani da kyau ba don kaza ta gifta.

Ɗan_Haɗeja:
Ci gaba da ƙirgawa Hajiya, ki riƙa rubutawa da rana da lokaci. In ya kai sau hamsin ki kawo mana. Ki lura kuma ko ta gefen da turmin yake ne yake fara ɗaga ƙafar.